Kafin Ku Sayi Tukunya Bana

Kaka ta yi, an sayar da masara da waken soya, kuɗi ya ɗan shigo hannu. A irin wannan lokaci ne uwargida takan ce a sake tukunya. Yawancinmu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in mun shiga kasuwar Sheme ko ta Ɗandume, girma da araha kaɗai muke dubawa. Ya kamata mu riƙa tambaya kuma da me aka yi tukunyar.

Wadda ta fi yawa a gidajenmu ita ce ta zubi, wadda akan ce wa tukunyar dalma. Maƙera ne suke narka tsofaffin kayan alminiyam su zuba ta. Tana da kauri, tana jure wa muciya, ba ta fashewa. Amma fa ba alminiyam zalla ake narkawa ba. Gwangwanaye da tarkacen injin mota da tsohon lagireto duk sukan shiga wuta ɗaya, waɗansunsu kuwa suna ɗauke da dalma ta ainihi, mai guba. A 2014 masu bincike sun gwada irin tukwanen nan a Kamaru, suka tarar dalma tana fita daga jikinsu in an tafasa abu mai tsami a ciki.

Mu ba baƙin labarin dalma ba ne. A 2010, a maƙwabtanmu Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, ta kashe yara wajen 400. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gida ta fito, yawanta kuma ya fi na tukunya nesa ba kusa ba. Ta tukunya kaɗan kaɗan take shiga jiki, ba wari, ba ɗanɗano. Ba lalle yaro ya kwanta ba. Sai dai jininsa ya ragu, karatu ya riƙa yi masa wuya. Mai ciki ma takan ba ɗan da ke cikinta.

Ba cewa muke yi ku zubar da tukwanenku yau ba, gama mun san ba kowa ne zai iya ba. Abin da za ku kiyaye shi ne tsami. Kunun tsamiya, zoɓo, miyar yakuwa da ta tumatir, kada a dafa su a tukunyar zubi. Kanwa ma tana cin alminiyam. Kada kuma abinci ya kwana a ciki. A juye shi da an sauke. Tukunyar da cikinta ya yi ramuka-ramuka ta gama aikin girki, a bar ta wa ruwan wanki.

To, a ina za a dafa mai tsamin? Tukunyar ƙasa ta iyayenmu, wadda waɗansu suke jin kunyar baƙo ya gani, ita ce ta fi dacewa. Tana riƙe zafi, miyar kuka kuwa ta fi daɗi a cikinta. In za ku saya, ku ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi ƙara rau, ta gasu. In ta yi dum, akwai tsaga ko ba ta ji wuta ba. Baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku ma tana da kyau, har takan ƙara wa abinci ɗan ƙarfen da jini yake bukata, sai dai a shanya ta a shafa mata mai don tsatsa.

Mafi lafiya ga kunun yara ita ce ta farin ƙarfe mara tsatsa, amma da tsada. Nan ƙungiya za ta yi amfani: a haɗa kuɗi, a aiki mutum biyu Funtuwa su sayo a sari, a fara da gidajen da ke da masu ciki da 'yan yaye. Ko wace iri kuka saya, ku gwada murfinta tun a kasuwa ku ga ya zauna daram. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa, itace kuwa kun san yadda shiga daji nemansa ya zama a shekarun nan.