Daga Kwanan Titi Zuwa Riƙe Mabuɗin Ɗaki a Birnin Landan

A daren 16 ga watan Disamba na shekarar 1969, lokacin da hunturu ya kankama a ƙasar Ingila, wani limamin Kirista mai suna Kenneth Leech ya buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa na majami'ar St Anne da ke unguwar Soho a tsakiyar Landan, ya ce wa samari da 'yan matan da ke kwana a bakin titi su shigo su fake. Da yawa daga cikinsu yara ne da suka baro garuruwansu da zaton aiki yana nan yana jiransu a babban birni, wasu kuwa zaman gida ne ya gagare su saboda rigimar iyaye.

Kusa da wurin akwai wani dogon bene mai hawa 34 da ake kira Centre Point, wanda aka gama ginawa a 1966, amma mai shi ya bar shi a rufe har 1975, yana jiran wanda zai kama hayarsa gaba ɗaya. Don habaici ga wannan abin kunya aka raɗa wa masaukin suna Centrepoint, sunan da ƙungiyar take amsawa har yau.

Ba a daɗe ba aka gane gadon dare ɗaya ba ya raba yaro da titi, gama da gari ya waye can zai koma. Al'amarin ya ƙara tsananta a 1988, sa'ad da gwamnatin Margaret Thatcher ta janye kuɗin tallafi daga hannun yawancin 'yan shekara 16 da 17. Sai a 2002 doka ta sa irin waɗannan yara cikin waɗanda ya wajaba ƙananan hukumomi su fara nema wa muhalli.

Saboda haka ƙungiyar ta karkata ga gidajen da matashi ɗan shekara 16 zuwa 25 zai zauna na watanni, wani lokaci har shekara biyu. Ana ba shi ɗakinsa, a kuma haɗa shi da ma'aikaci guda wanda zai riƙa lura da al'amuransa. Mai karatu zai yi mamakin irin abin da ake koyarwa a nan: dafa abinci, wanki, biyan kuɗin wuta kafin a yanke, tattalin albashi don ya kai ƙarshen wata, da yadda ake amsa tambaya wurin neman aiki. Abubuwa ne da ɗan gata yake tsinta a gaban iyayensa ba tare da ya san koyo yake yi ba. Wanda ya tashi a hannun hukuma, ko aka kore shi daga gida yana ɗan shekara 16, ba wanda ya nuna masa. A ganina wannan tarbiyya ta fi ginin kansa daraja, ko da yake ginin ne jaridu suke ɗauka hoto idan manya sun kai ziyara, kamar Gimbiya Diana da ta zama uwar ƙungiyar a 1992, da ɗanta Yarima William da ya karɓi wannan matsayi a 2005.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba, domin wuyar tana bakin ƙofar fita. Hayar irin waɗannan gidaje tana da tsada saboda hidimar da ke cikinsu, kuma gwamnati ce take biya muddin yaro ba shi da abin yi. Shekara da shekaru ƙungiyar ta yi ta kukan cewa da zarar ya sami aiki sai a zaftare tallafin, har wani ya tarar ƙara awannin aiki hasara ce gare shi. Idan kuma ya ce zai fita ya kama ɗaki a gari, masu gidaje sukan nemi kuɗin ajiya da wanda zai tsaya masa, shi kuwa da yana da mai tsaya masa ai da bai kwana a titi ba tun farko. Ga haka sai wanda ya isa tashi ya ci gaba da zama, wani yaron kuma yana waje yana jiran gadon.

Wannan ne ya sa a 2023 ƙungiyar ta buɗe wani gida mai suna Reuben House a unguwar Peckham da ke kudancin Landan, inda aka yi ƙananan ɗakuna 33, kowanne da madafarsa da makewayinsa. Sharaɗin shiga shi ne mutum yana aiki ko yana koyon sana'a, hayar kuwa an ɗaure ta da samunsa, ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Wanda aka ba ɗaki a nan shi ke riƙe da mabuɗinsa, shi ke cefanensa, kuma daga aljihunsa kuɗin haya yake fita kowane wata.