Ina Afazo da Kandili Za Su Koma Idan Zafi Ya Ƙaru?

Baƙo in ya zo Abalessa, kabarin Tin Hinan yake nema, wanda aka tona a 1925. Makiyayi kuwa ba ruwansa da duwatsun kabari, ƙorama yake dubawa. Yana so ya ga ko afazo ya yi kore, ko kandili da tamat sun zubo 'ya'ya, ko alwat ya tsiro bayan yayyafi. A ƙasar da ruwan shekara a Tamanrasset bai cika wuce milimita 50 ba, waɗannan tsirrai su ne rumbun raƙumi da akuya. In sun ja da baya, kowa zai ji a jikinsa, har mai saida tsire a cikin gari da mai neman ragon layya.

Shi ya sa ya dace mu san wani aiki da masana tsirrai ke yi da kwamfuta: hasashen inda kowace shuka za ta iya rayuwa nan gaba. Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Za a tara wuraren da aka taɓa ganin itacen, kowane da lambarsa ta GPS. Sai a ɗora su kan taswirar yanayi, irin ta WorldClim mai ma'auni 19 na zafi da ruwan sama. Wata manhaja, wadda aka fi sani MaxEnt da ta bazu tun 2006, za ta koyi irin yanayin da itacen ke so. Daga nan a ce mata: to, ga zafin da ake tsammani a 2050 ko 2070, ina ya rage masa? Sai ta zana sabuwar taswira, nan ya samu wuri, can ya rasa.

A Ahaggar lissafin yana da wani salo nasa, saboda tsauni. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ke nan in ƙasa ta ƙara ɗumi da digiri 2, shukar da ke son sanyi sai ta hau sama da kamar mita 300 kafin ta tarar da yanayin da ta saba. Abalessa tana ƙasa-ƙasa, kilomita kamar 80 yamma da Tamanrasset, don haka tsirranta suna da wurin hawa. Na can ƙololuwa fa? Tahat, dutse mafi tsawo a Aljeriya, bai kai mita 3,000 ba. Daga shi sai sararin sama.

Zaitun ɗin daji da Abzinawa ke kira aleo shi ne misalin da ya fi tada hankali. Ragowar zamanin da Sahara ke da dausayi ne, kafin ta bushe shekaru kamar 5,000 da suka wuce. Yau ana samunsa a tsaunukan Ahaggar da Ayar na Nijar da Jabal Marra na Sudan, galibi sama da mita 1,400. Da wuya a ga ɗan tsironsa daga iri, daga tsohuwar saiwa yake tohowa, awaki kuma suna kaftar tohon. Taswira za ta iya nuna masa sabon gida a sama, amma itacen da ba ya haihuwa da wace ƙafa zai je can?

A ganina nan ne ya kamata a riƙe taswirar da hannu biyu amma a buɗe ido. Kowane gida a mafi kyawun taswirar WorldClim kusan murabba'in kilomita ɗaya ne. Kandili da aduwa kuwa ba ruwan sama na wurin kaɗai suke sha ba, saiwarsu na bin danshin da ke kwance ƙarƙashin yashin ƙorama, ruwan da ya gangaro daga tsauni mai nisa. Taku ɗari daga bakin ƙorama, tsakuwa ce zalla. Kwamfuta tana ganin duka biyun abu ɗaya. Ga ƙarancin tashoshin auna yanayi: akwai ta Tamanrasset, akwai ta Assekrem, amma tsakanin tasha da tasha a hamada tafiya ce ta kwanaki, sauran duk cike gurbi ne da lissafi. Wuraren da aka rubuta an ga shuka ma sun fi yawa a gefen hanyar mota, inda mai bincike ya iya kaiwa. Kuma manhajar ba ta san gatarin mai gawayi ba, ba ta san injin da ke zuƙe rijiya don ban-ruwan lambu ba. Idan ƙorama ta mutu, raba laifi tsakanin zafi da hannun mutum aiki ne babba.

Abin da taswirar ta rasa yana bakin mutane. Dattawan Kel Ahaggar sun san ƙoramar da tumfafiya ta cinye bayan an yi mata kiwo fiye da kima. Iyayenmu da farin 1973 da na 1984 ya koro daga Nijar sun ga yadda makiyaya ke mutuwa, sun san shukar da ke fara tafiya da wadda ke jurewa. Wayar da ke aljihun yaranmu tana ɗaukar hoto da lambar wuri, kuma rumbun GBIF na duniya yana karɓar irin waɗannan bayanai ta manhajar iNaturalist. Ajin ɗalibai 30 da dattijo guda mai nuna musu sunan kowane itace za su iya rubuta ƙoramar Abalessa daga sama har ƙasa cikin hutu ɗaya. Jami'ar Tamanrasset da hukumar gandun al'adu na Ahaggar, wanda aka kafa a 1987, su ne suka dace su tsara aikin, tun da dattawan nan suna raye.