Jirgin da Aka Toshe wa Mazaunin Matuƙi

A watan Yunin 1960 mutum biyar suka tashi daga Plymouth ta Ingila za su New York, kowa shi kaɗai a jirginsa mai tafiya da iska. Wannan ne tseren farko irinsa a tekun Atlantika. Jirage huɗu ba su da wani abin mamaki. Na biyar ɗin, mai suna Jester, tsawonsa ƙafa 25, shi ne ya ɗaure wa masu kallo kai. Kowane ƙaramin jirgi yana da gurbi buɗaɗɗe a baya inda matuƙi ke zama ya riƙe sandar tuƙi da igiyoyi, ruwan sama da feshin teku na dukansa. Jester kuwa an shafe masa gurbin nan da katako, rufi ya tafi tun daga goshi har kusan wutsiya. To daga ina za a tuƙa shi?

Mai jirgin, Blondie Hasler, ba baƙon jiƙewa ba ne. Shi ya jagoranci sojojin Birtaniya da suka shiga tashar Bordeaux cikin ƙananan kwalekwale a Disambar 1942. Ya san yadda sanyi da gajiya ke cinye hankalin mutum tun kafin su kayar da jikinsa.

Alamar farko tana tsakiyar rufin: wata kafa zagayayyiya, daidai kafaɗun mutum, da 'yar rumfar tamfol a kanta. Rumfar juyawa take yi. Duk inda iska ta ɓullo sai ya juya mata baya, ya leƙo da kai yana duban hanya, sauran jikinsa na ciki a bushe. Tun da bakinta na kallon inda iska ta nufa, tana kuma zuƙe gurɓatacciyar iskar ɗakin. Masu kewaye gurbinsu da tamfol da leda a yau sukan manta da wannan, har sai gumin rufi ya fara ɗiga musu a ka.

An samu wurin gani, saura tuƙi. Ba wanda zai riƙe sanda dare da rana har mako bakwai. Amsar tana can baya: wani falle a tsaye wanda iska ke kaɗawa, an haɗa shi da allon juya jirgi da ke cikin ruwa. Jirgi ya kauce, iska ta bugi fallen ta gefe, shi kuma ya maido da shi kan hanya. In ana son tuƙi da hannu, akwai sanda a cikin ɗaki.

Babban ƙullin shi ne filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa. A jiragen Turai na lokacin, in guguwa ta taso dole mutum ya rarrafa zuwa gindin jigon da ke ɗauke da filafilin ya rage ƙyallen ya ɗaure, jirgi na tangaɗi, raƙuman ruwa na wanke shi. A nan ake faɗawa teku. Rufi kuwa ba ya tsinana komai ga wanda aiki zai fitar da shi waje duk sanda hadari ya haɗu. Hasler ya ɗauko dabarar daga jiragen Sin: filafili guda ɗaya, an gitta masa sanduna daga gefe zuwa gefe, a kan jigon da ke tsaye ba wayoyin tallafi. Da an sassauta igiyar ɗagawa sai ya sauko da nauyinsa, sanda kan sanda, kamar an tattare asabari, ya kwanta cikin igiyoyin da ke tare shi. Hasler ya jawo bakin kowace igiya zuwa waccan kafa ta tsakiya. A ganina nan gwanintar take, don buga katako kan gurbi kowane kafinta zai iya.

A tseren, Hasler ya bi ta arewa, inda sanyi ya fi tsanani, ya isa cikin kwana 48, na biyu bayan Francis Chichester wanda ya yi kwana 40 a Gipsy Moth III, jirgin da ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Bayan an sake yin tseren a 1964, Jester ya koma hannun Mike Richey, wanda ya yi ta ƙetare Atlantika da shi har 1988, lokacin da teku ta cinye jirgin. An ceto Richey, aka kuma sassaƙa masa wani irinsa sak.