YADDA AKA HAƊA HANNU AKA YAƘI SHAN-INNA

Kamfani yana cin riba ne daga jama'a, saboda haka jama'a suna da hakki a kansa. Tarihin cutar shan-inna a Kano ya nuna ɓarnar da ke aukuwa in an yi sakaci da hakkin nan, ya kuma nuna amfanin kiyaye shi.

Cikin 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta faɗa wa Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani, Trovan. Gwajin ya shafi yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano bisa dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mutane suka tsorata da ɗigon rigakafin shan-inna, har Kano ta dakatar da shi a 2003. Kafin a koma bayarwa a 2004 cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama.

Gyaran ya zo ta hanyoyi uku. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tara sarakunan Arewa suka shiga aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa bi gida gida. A 2012 Gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates. Suka buɗe asusu guda na rigakafin yara, bisa sharaɗin kowace shekara kason gwamnati ya ƙaru, na gidauniyoyin ya ragu, har gwamnati ta ɗauki nauyin duka. Hikimar sharaɗin ita ce kada aiki ya mutu ranar da mai taimako ya janye. Ma'aikatan lafiya kuma suka ɗauki magani cikin akwatunan sanyi har ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a Kano an same shi a Sumaila cikin 2014. Ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

To, amma da sauran aiki, domin akwai wani irin shan-inna da kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Ƙauyukan Batsari da Safana na gefen Dajin Rugu, inda rashin tsaro ya tarwatsa iyalai, suna cikin wannan haɗari. Attajiri yana iya sayen magani, amma ba shi ne zai shawo kan uban yaro ba. Malamin makaranta da akawun hakimi su ne suka san gidan da aka tsallake. Lalle su rubuta sunayen gidajen nan, su kai wa mai unguwa da malamin asibiti tun kafin zagaye na gaba.