Idan dabo ya ƙi: yadda gwanaye ke fita kunya gaban jama'a

Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Haka mai dabo, komi gwanintarsa, wata rana hannu zai kuskure, ko kati ya faɗi, ko zaren da ya ɓoye ya bayyana. A lokacin ne ake gane gwani da ɗan koyo.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a faɗa wa ƴan kallo abin da za a yi tun ba a yi shi ba. Wanda bai san inda aka nufa ba, ba zai gane an ɓace hanya ba. Bayan haka, gwani yakan tanadi mafita biyu ko uku ga kowane wasa. In ya fiddo katin da ba shi ɗan kallo ya zaɓa ba, sai ya tambaye shi wane ne, ya zaro irinsa daga aljihu inda ya ɓoye tun farko, jama'a su ɗauka da gangan ya yi. Kuma ba ya ɗora laifi kan wanda ya kira ya taimaka masa, don kunyatar da baƙo kunyatar da taro ne.

Tommy Cooper, ɗan ƙasar Biritaniya mai jar dara, wanda aka haifa a 1921, da kuskure ya yi suna. Ƙwararre ne, amma sai ya riƙa ɓata wasanninsa da gangan, mutane na dariya, can kuma ya yi guda wanda ya yi daidai, kowa ya riƙe baki. Ran 15 ga Afrilu 1984, ciwon zuciya ya kayar da shi kan dandamali a Landan, ana nuna shi kai tsaye a talabijin. Jama'a suka yi ta dariya, suna tsammanin wasa ne. A daren ya rasu.

Akwai kuma kuskuren da dabara ba ta rufewa. A watan Maris 1918, William Robinson, Ba'amurken da ke shiga irin ta Sinawa da sunan Chung Ling Soo, yana wasan cafe harsashi a Landan, bindigar da aka shirya ta saki harsashin gaske. Abin da ya iya yi shi ne ya ce a sauke labule. Washegari ya cika. Shi ya sa gwanaye ke cewa a koyi rufe ƙaramin kuskure da fara'a, amma in rai na cikin haɗari a tsai da wasa nan take.