Farantin Talla da Makomar 'Ya Mace

Neman ilimi ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasar Boɗinga. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru: tana koyar da jajisai, wato jagororin mata, su kuma su shiga ƙauyuka su karantar da mata. To me ya sa har yau a ƙauyuka yarinya kan gaji sana'ar kakarta ba tare da an tambaye ta ba?

A ganina amsar tana cikin farantin talla. Matar aure a karkara galibi ba ta zuwa kasuwa. Tana daka fura, tana suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai a tsakar gida, amma sai an sami mai kai wa masu saye. Wannan mai kaiwa 'yarta ce. Ribar ita ake zubawa adashe, adashen kuma shi zai sayi gado da katifa da kwanukan jere ranar auren yarinyar. Don haka uwar da ta ce yau ba zuwa makaranta ba ƙiyayya take yi wa boko ba, lissafi take yi. Malamin da ya zo da wa'azi kawai bai taɓa wannan lissafin ba.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fitar da malamai mata da ma'aikatan jinya, amma galibinsu 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan birni. Yau akwai sakandaren 'yan mata a Boɗinga, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sai dai kuɗin mota, da fargabar tsaro a hanya, da manemin da ya ƙosa, sukan datse karatun tun a ƙaramar sakandare. Wadda ta tsallake kuma, aikinta na hannun miji.

Waya ta ɗan sauya al'amari, don mace na iya tallata ɗinki ko turaren wuta ta WhatsApp daga ɗakinta, in ta iya karatu.

Magidanta, kuna son unguwarzoma mace ta karɓi haihuwar iyalinku. To in ana son a same ta, sai 'ya mace ta yi karatu: ku ɗauke wa uwa nauyin kayan ɗaki, ku sa sharaɗin ƙarasa karatu tun wajen baiko.