Bakteriyar Cikin Hanji da Sankarar Dubura: Mene ne Alaƙarsu?

Sankarar babban hanji da dubura ita ce ta uku a jerin sankarar da ta fi kama mutane a duniya, kuma ita ce ta biyu wajen kisa. A shekarar 2022 kaɗai, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da ita, sama da 900,000 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar, a dubura take fito musu. Idan likita ya ce dubura, yana nufin ƙarshen babban hanji, mai tsawon kamar santimita 12 zuwa 15, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita.

An daɗe da sanin cewa shekaru, gado, ƙiba, shan taba da giya suna da hannu a wannan cuta. A 'yan shekarun nan kuma hankalin masu bincike ya koma kan wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin hanjinmu.

Su wane ne mazauna hanji?

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Jin kalmar bakteriya kan sa mutum ya tuna da cuta, amma galibin waɗannan masu amfani ne. Suna narkar da abin da cikinmu ya kasa narkarwa, suna samar da bitamin K da wasu daga cikin rukunin bitamin B, suna horar da garkuwar jiki, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama.

Babban aikinsu ya shafi fiba, wato dusa da ɓawo da zare-zaren da ke cikin hatsi, wake da ganye. Idan fiba ta isa babban hanji, bakteriya kan sarrafa ta su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Wannan sinadari shi ne babban abincin ƙwayoyin halittar bangon hanji. Yana rage kumburi, yana kuma taimakawa wajen kashe ƙwayar halittar da ta fara lalacewa kafin ta yaɗu.

Idan kuwa abincin mutum ya zama mai yawan kitse da jan nama, hanta kan ƙara zubo ruwan matsarmama cikin hanji. Wasu bakteriya sai su juya shi ya zama sinadarai masu cin bangon hanji. Ke nan abin da muke ci shi ke zaɓar irin bakteriyar da za ta yi rinjaye, da irin abin da za ta fitar.

Bakteriyar da ake zargi

Fusobacterium nucleatum: Asalin mazauninta baki ne, kuma tana da yawa ga masu ciwon dasashi. A 2011 wasu ayarin masu bincike biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Amurka, suka gano ta da yawa a cikin ƙarin sankarar hanji fiye da lafiyayyen naman da ke kusa da shi. Tana manne wa ƙwayoyin sankara, tana ƙarfafa su su hayayyafa, tana kuma raunana sojojin jiki da ke yaƙarsu. A 2024 masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson da ke Amurka sun nuna cewa wani reshe guda na wannan bakteriya ne ya fi mamaye ƙarin.

E. coli mai dafin kolibaktin: Yawancin E. coli na hanji ba sa cutarwa, amma wasu suna fitar da wani dafi da ke lalata DNA, wato kundin umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta. A 2020 masu bincike a ƙasar Holan sun nuna cewa dafin yana barin tabo na musamman a jikin DNA, kuma an ga wannan tabon a cikin sankarar hanjin wasu marasa lafiya. A 2025 wani bincike da ya duba samfuri 981 daga ƙasashe 11 ya gano cewa tabon ya ninka fiye da sau uku ga waɗanda cutar ta kama kafin shekara 40, idan aka gwada da waɗanda ta kama bayan shekara 70. Alamu sun nuna cewa ɓarnar na iya faruwa tun ana yara.

Bacteroides fragilis mai dafi: Dafinta yana sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon hanji, ya jawo kumburi mai daɗewa. Kumburin da ya ƙi warkewa kuwa ƙasa ce mai kyau ga tsirowar sankara.

Streptococcus gallolyticus: Likitoci sun shafe shekaru da dama da sanin wannan. Idan aka same ta a jinin mutum, ko ta kama masa zuciya, ana ba da shawarar a leƙa hanjinsa da na'ura, domin sau da yawa akan tarar da tsiro ko ƙari a ɓoye.

Samun ɗaya daga cikin waɗannan a hanji ba ya nufin mutum zai yi sankara. Mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da su har ƙarshen rayuwarsu. Sankara takan faru ne idan abubuwa da dama suka haɗu, kuma ƙaramin tsiro kan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Wannan tsawon lokaci dama ce babba ga wanda ya je asibiti da wuri.

Darasi daga musayar abinci

Tun farkon shekarun 1970 wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Yuganda, Denis Burkitt, ya lura cewa cutar ba ta da yawa a karkarar Afirka, ya danganta hakan da yawan cin fiba. A 2015 aka wallafa wani gwaji da ya ƙarfafa maganarsa. An ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, aka yi musu musayar abinci na mako biyu. Amurkawan da suka koma cin masara, wake da ganye, butiret ɗinsu ya ƙaru, kumburin hanjinsu ya ragu. 'Yan Afirka ta Kudu da suka koma cin soye-soye da nama kuwa, alamomin haɗari suka hau. Cikin kwana 14 kacal aka ga wannan sauyi.

A shekarar ce kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanji. Cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100.

Abin da za ka iya yi

Abincinmu na gargajiya yana da abin da bakteriyar kirki ke so: gero, dawa da acca waɗanda ba a surfe su ƙal ba, wake, gurjiya, zogale, rama, kuka, kuɓewa da 'ya'yan itatuwa. Ka riƙa cin su kullum. Tsire, balangu da kilishi a ci jefi-jefi, a kuma guji wanda ya ƙone.

Kada ka sha maganin kashe bakteriya sai likita ya rubuta maka. Al'adar sayen Flagyl ko kafso a kemis duk lokacin da ciki ya murɗa tana kashe masu amfani tare da masu cutarwa, kuma hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo.

Ka kula da tsaftar baki, ka nemi maganin dasashi mai jini. Ka motsa jiki, ka rage ƙiba, ka nisanci taba da giya.

Nono da kindirmo mai tsafta abinci ne mai kyau. Amma ƙwayoyin maganin da ake tallatawa da sunan gyara bakteriyar hanji, ko ruwan wankin ciki, babu wata hukumar lafiya da ta amince da su a matsayin rigakafi ko maganin sankara. Wanda aka riga aka gano yana da cutar, maganinsa fiɗa ne, da gashi, da allurar sankara, gwargwadon matakin da ta kai.

Alamomin da bai kamata a yi wasa da su ba

- Jini a bayan gida, ja ne ko baƙi
- Gudawa ko taurin bayan gida da ya wuce mako uku
- Jin kamar ba a gama bayan gida ba, ko yawan yunƙuri sai majina ta fito
- Bayan gida ya sirance
- Rama ba dalili, kasala da ƙarancin jini

Babbar matsalarmu ita ce duk jinin da ya fito ta dubura sai a ce basir ne ko atini, a shafe watanni ana shan jiƙe-jiƙe, ga kunya na hana zuwa asibiti. Basir da sankara suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, kuma ba a bambance su sai da gwaji. Ƙarin da ke ƙasan dubura likita kan iya jin sa da ɗan yatsa cikin minti ɗaya.

Duk wanda ya kai shekara 45 ya tambayi likita game da gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida, ko leƙen hanji da na'ura mai kyamara. Idan mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin cutar, a fara gwajin tun kafin wannan shekarun. Tsiron da aka gani da wuri ana cire shi nan take yayin leƙen, kuma sankarar da aka kama a matakin farko mafi yawan masu ita suna warkewa.